Goron Gwaggo Zuwaira da Gado Mai Garanti

Gwaggona Zuwaira ba ta taɓa cewa tana son sabon gado ba. Na fara da wannan ne domin duk wanda ya ji labarin daga bakin ɗanta Muntasir zai ɗauka ta shekara tana kukan ciwon baya, shi kuma ya taso daga Parakou ya cece ta. Bayanta lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne abokan aikinsa na ofis sun rako shi Djougou gaisuwar salla, suka shiga ɗakin uwarsa, suka ga tsohon gadon ƙarfe mai dogayen ƙafafu da huhunan goro jere a ƙarƙashinsa. Babu wanda ya ce uffan. Shi ne dai ya ji kunya a madadinsu duka, ya koma Parakou da kunyar yana ta juyayi.

Ni sunana Rahinatu, 'yar ƙanenta ce. Atamfa nake sayarwa a kasuwar Djougou, kuma rumfata tana kallon tata, don haka ba labari aka ba ni ba.

Goro ne ya kawo zuriyarmu garin nan. Kakanninmu fatake ne masu bin hanyar Gwanja, suka yada zango a Djougou, suka manta da tashi. Yanzu mazan gidan duk sun waye, wannan direba, wancan yana gyaran waya, wani yana ofis yana sa hannu. Gwaggo kaɗai ta rage a kan sana'ar. Da mijinta ya rasu ta yi takaba, ta gama, washegari aka gan ta a bayan farantinta kamar kullum.

Abin da aka san ta da shi guda ɗaya ne: ba a ɓara goronta. A ko'ina mai sayen goro sai ya ɗauki ɗaya ya ɓara ya duba ciki ko akwai sankara, wato tsutsar nan da ke cinye goro ta ciki ta bar bayansa sumul. A gaban Gwaggo ba a yin haka. Ba ita ta hana ba, mutane ne suka daina da kansu tun ina ƙarama, don sun gaji da ɓarawa ba su ga komai ba. Mai biki zai aiko a ƙirga masa ƙwarya kaza, a ƙulle, a kai masa, ba ya ko kwancewa sai a gaban baƙi. Ba ta da gidan bene, ba ta je Makka ba, amma tana da wannan, kuma ta fi ji da shi a kan komai.

Ba kuma asiri ba ne, wahala ce. Goro sai an naɗe shi cikin ganyen fita, a riƙa yayyafa masa ruwa kada ya bushe, a riƙa buɗe huhun a kai a kai ana juya shi, ana tsince wanda ya fara lalacewa kafin ya shafa wa sauran. Yana son sanyi da duhu, yana kuma son iska ta ratsa shi. Ƙarƙashin gadon ƙarfen nan yana da duka ukun. Amma wa zai tsaya yi wa mai aikin ofis wannan bayani?

Da rani sai ga motar kaya a ƙofar gida. Aka sauke sabon gado, fari fat, yana ƙyalli, da manyan durowa huɗu a ƙasansa. A jikin allon kansa an manna wata takarda mai ruwan zinariya, an rubuta garanti na shekara goma da manyan baƙaƙe. Muntasir ya tsaya a tsakar ɗaki yana shafa ta.

"Maman, wannan mai garanti ne. Duk abin da ya same shi cikin shekara goma, canza miki shi za su yi."

Gwaggo ba ta jin Faransanci sai na ƙirgen kasuwa, amma wannan kalmar ta shige ta nan take, don ta ɗauka irin nata ne. A wurinta garanti shi ne mutum ya tsaya wa kayansa. Ta ce lalle mai gadon nan ɗan halak ne, tunda har ya iya ɗaukar nauyin shekara goma, ita da ko daushe, tsohon goro mai jure ajiya, ba ta tsaya masa fiye da shekara guda. Ta tambayi inda za ta sa goronta, Muntasir ya ja durowa ɗaya ya nuna mata, ya ce ai don haka ma ya zaɓi mai tirwar, wato durowa, komai ya shige ciki ɗaki ya yi tsaf. Tsohon gadon kuwa ya yi kyauta da shi ga maƙwabciyarmu Mairo, ita kuma ta jefa shi tsakar gida tana shanya barkono a kai.

Gwaggo ta shimfiɗa ganye a cikin durowa, ta jera goronta, ta ci gaba da yayyafa ruwa yadda ta gada. Har ƙarshen rani gadon bai nuna halinsa ba. Mata suna zuwa kallo, ana jan durowa ana mayarwa, ana sa wa Muntasir albarka. Ni ma na sa, ba zan ɓoye ba.

Sai damina ta sauka. Wanda ya san daminar Djougou ya san lokacin da gishiri ke jiƙewa a kwano, ashana ta ƙi kamawa, atamfar da ke ninke a rumfa ta fara wari. A nan muka gane abin da muke kira katako ba katako ba ne. Garin katako ne aka kwaɓa da gam, aka danne, aka lulluɓe da farar leda don kada ido ya gani. Ya sha ruwan goro ta ciki, ya sha danshin ɗaki ta waje, ya kumbura kamar burodi a cikin shayi. Durowa ta farko ta fara gardama, ta biyu ta bi ta, kafin a ankara duk huɗun sun rufe bakinsu da goron Gwaggo a ciki.

Kuma ba goron banza ba ne. Alhaji Shu'aibu mai motoci zai aurar da 'yarsa bayan ruwa ya ɗan tsagaita, kuma tun da daɗewa ya ce Gwaggo ta ajiye masa daushe, zaɓaɓɓe. Tun zamanin mahaifinta gidansu ba su taɓa sayen goron biki a wani wuri ba.

Ta kira Muntasir a waya. Ya ce kada ta kuskura ta taɓa, in aka buɗe da ƙarfi garanti ya faɗi. Ya ce ya yi magana da kantin, za su turo teknisiyan, wato mai gyara. Wannan bawan Allah teknisiyan har yau yana hanya. Wani mako ruwa ne ya tare shi, wani mako babur ɗinsa ne ba lafiya, wani mako an yi masa rasuwa, Allah ya ji ƙan musulmi. Ni na ce mata a ɗauko gatari a huta. Ta ce a'a, mutum ya ba da maganarsa, ba a ƙaryata shi kafin ya kasa. Ban da haka kuma gadon kyautar ɗanta ne, ba ta son ya ji an sare shi kamar itacen girki. Sai in shiga in tarar da ita a durƙushe, ta kara hanci a tsagar durowa tana shinshinawa. Abin ya riƙa ƙona mini rai.

Da biki ya matso, ta ce in raka ta Parakou ta ga mai garantin ido da ido. Muka shiga mota, muka sauka, muka hau babur zuwa unguwar Titirou inda kantin yake. Muntasir ya same mu a can da rigar ofis. Kantin sanyi ƙalau, na'ura na hura busasshiyar iska, gadaje a jere babu wanda ya taɓa jin ƙamshin damina. Mai kula da wurin, wani Sumaila, mutum ne mai ladabi matuƙa. Ya durƙusa ya gai da Gwaggo, ya kawo mata kujera da ruwan sanyi, ya saurare ta har ƙarshe yana gyaɗa kai cikin tausayi.

"Maman, kin ga matsalar ita ce garantin bai shafi imidite ba."

"Mene ne shi?"

"Danshi."

"Ruwan da na yayyafa wa goro, ko na Ubangiji da ke saukowa?"

"Duka biyun, Maman."

Gwaggo ta dube shi. Sannan ta tambaye shi da gaske, ba da gatse ba, domin ita ba ta iya gatse ba, ni ce na iya.

"To ɗana, a wace ƙasa ake kwana a kansa?"

Sumaila ya yi murmushi ya ce gadon yana son busasshen ɗaki ne, in da hali mai na'urar sanyi irin tasu. Na tambaye shi, to me garantin ya shafa? Ya ce in an sami kusar da ta zo a karkace tun daga masana'anta, wannan kam za su canza ta ba musu. Amma duk da haka, saboda girman Maman, yana iya roƙon patron, wato mai kantin, a duba gadon, in za mu kawo shi Parakou cikakke, durowa babu komai a ciki, kuma ba a buɗe ta da ƙarfi ba. Na ce ya sake faɗa a hankali ko shi ma zai ji abin da ya ce. Ya sake faɗa, bai ji ba.

Muntasir ya juya harshe zuwa Faransanci. Suka daɗe suna jefa wa juna manyan kalmomi, yana buga tebur, Sumaila yana ba shi haƙuri cikin nutsuwar wanda ya saba. Da suka gama, abin da aka samu ƙari shi ne wani ruwan sanyin. A waje Muntasir ya kasa haɗa ido da uwarsa. Ita ce ta dafa shi ta ce ai alheri ya nufa, Allah ya gani, ya koma aikinsa kada a neme shi. Na tausaya masa, ko da yake ban so ba.

Da muka koma gida ko gatarin ba a nema ba. Gwaggo ta ɗauko taɓarya ta dangwari gefen gadon sau ɗaya, ya ruguje kamar yana jira. Wari ya cika ɗakin. Ganyen ya yi baƙi ya narke, fumfuna ta rufe goron sama. Wanda ya ruɓe a fili bai dame ta ba, an san matsayinsa, aka kwashe aka zubar. Wanda ya dame ta shi ne sauran, ja jawur da fari tas, kyakkyawa a ido, wanda ya yi makonni a rufe ba a juya shi ba. Ta wanke, ta tsince, ta sake tsincewa. Ta ɓara wasu, yawanci lafiya, jefi-jefi a ga baƙi a ciki. Ba za ta iya ɓara duka ba, don ba a kai farsa, wato ɓararren goro, ɗaurin aure. Abin da ya kasa ta ciko a wurin masu goro na tasha, mutanen da a da ko kallon huhunsu ba ta yi.

Na ba ta shawarar da kowane ɗan kasuwa zai bayar. Na ce ta kai ta yi shiru, cikin taron biki wa zai san goron wa ya ci? Ko kallona ba ta yi ba. Ta yafa mayafi, ta sa aka ɗauki kayan, ta tafi gidan Alhaji Shu'aibu da kanta, ni ina biye. Muka same shi a zaure da mutanensa. Bayan gaisuwa ta ce:

"Alhaji, ga goro. Amma wannan karon a ɓara a duba. Ban tsaya masa ba."

Alhaji ya yi dariya ya ce haba Zuwaira, goronki ne fa. Ta ce ta sani, shi ya sa ta faɗa. Aka karɓi kayan. A hanyar komawa na ji kamar in yi kuka don haushi, na rasa wanda zan zaga tsakanin Sumaila da Muntasir da ita kanta.

An yi biki lafiya, ba wanda ya kawo ƙara. Mairo ta dawo da gadon ƙarfe ba tare da an roƙe ta ba. Damina guda ya yi a waje, ruwa na dukansa, akuya a ɗaure a ƙafarsa, abin da ya same shi ɗan tsatsa ne, aka goge da kananzir. Tarkacen sabon kuwa ko wuta bai yi ba, hayaƙin gam ya kori mata daga madafa. Allon kai kaɗai ya tsira, yana jingine a bayan ƙofa, don Muntasir ya ce kada a yar, saura shekara tara a garantin. Takardar zinariyar ko kwarzane babu.

Huhuna sun koma ƙarƙashin gado, goron Gwaggo ya koma yadda yake. Amma maganar da ta faɗa a zaure ta riga ta zaga kasuwa. Wata ranar kasuwa ina rumfata sai ga Malam Hamisu, limamin unguwarmu, wanda tun kafin a haife ni yake sayen goro a wurinta. Suka gaisa, ya tambayi jiki, ya tambayi Muntasir. Yana cikin hira hannunsa ya kai kan faranti, ya ɗauki ɗaya, ya sa farce ya ɓara. Ciki fari sol. Ya yi dariya ya ce ai dama ya sani.

Gwaggo ta ce haka ne, Malam. Ta matso masa da farantin kusa don ya ji daɗin dubawa, ta sunkuyar da kai ta fara ƙirga masa.