Yaya Lawali da Ƙafafun Mutanen Sabon Birni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tankaɗen garin dawa a tsakar gida wayar Baffa Ummaru, ƙanen mahaifinmu, ta yi ƙara a zaure. Ban ji abin da aka faɗa masa ba. Takunsa kawai na ji yana shigowa, sai na san labarin tun bai buɗe baki ba, domin Baffa mutum ne mai saurin tafiya, ranar kuwa jan takalmi yake yi. Ya tsaya bakin ɗakin Inna ya ce, "Sai haƙuri. Lawali ya cika a asibiti, can Sakkwato." Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, aka tafi da shi yana cewa zai dawo kafin kasuwa ta zagayo. Inna ba ta ɗaga murya ba, saboda ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce, "Allah shi jiƙan shi," ta juya fuskarta ga bango.

Yaya Lawali shi ne babban wanmu, ni ce auta, sunana Saratu. Mahaifinmu ya rasu ina goye, Yaya ne ya riƙe gidan. Abokan aikinsa sun roƙi wani daga cikin gida ya rubuta abin tunawa da shi, matarsa Anti Rabi kuma tana takaba da jinjiri a hannu, shi ne aka ce ni in rubuta. Za ni faɗi gaskiya, don shi ma ba ya gyara wa kowa ƙusumbi a zane. Ba wanda ya ba ni haushi a duniya kamar Yaya, kuma bai daina ba har bayan ransa.

Sana'arsa katun ce, wato zanen da ke motsi. Yana yi wa wata ƙungiya gajerun finafinai na koya wa yara wanke hannu da kwana cikin gidan sauro. Aikin a kwamfuta yake ƙarasa shi, da hasken sola, in ya gama ya hau rufin ɗaki yana ɗaga waya sama yana neman sabis, maƙwabta suna tambayar Inna ko lafiya. Amma tushen aikin a takarda yake. Kafin mutum ya yi taku guda a fim, sai ya zana shi sau da yawa, kowane zane da ɗan bambanci, ya tara su, ya kama gefe ya sake su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Sai ka ga mutumin yana tafiya.

Saboda haka kallon mutane ya zame masa ciwo. Fensir a bayan kunne, takarda a aljihu, in ta ƙare ya yagi kwalin sukari. A aike shi kemis, sai a same shi bakin gulbi yana zana jakin da ya ƙi shiga ruwa. Wata rana akuya ta hau tabarmar da Inna ta shanya kuɓewa, yana zaune a gabanta. Bai ce kar ba, har ta cinye.

Inna ta fito ta riƙe haɓa. "Wancan! Kana zaune?"

Ya ce, "Inna, dubi muƙamuƙinta. Gefe take tauna, ba sama da ƙasa ba."

Ta ce, "To yau sai ka sha miyar muƙamuƙi."

Ni kuwa na fi kowa shan wahala. Ina aji biyar ya zana wannan akuyar a kusurwar kowane shafi na littafin lissafina, in an kaɗa shafukan sai ta yi tsalle. Littafin ya zagaye aji, malami ya kama, ni na sha bulala. Na dawo ina kuka, abin da ya fara tambaya shi ne ko malamin ya kaɗa ya gani. Daga baya ya saya mini sabon littafi da alawa, ya je makarantar da kansa ya ce laifinsa ne. Amma bulala ba ta komawa.

Ni ba na son a kalle ni. In baƙi suka shigo, ɗaki nake shigewa. Shi kuwa in na ɗauko bokiti daga rijiya, sai in ji, "Tsaya haka!" In tsaya, ruwa na zubo mini a wuya. "Koma ƙofa ki sake tahowa." In koma. "A'a, yanzu kin san ana kallonki, kin ɓata. Sake." Ranar kasuwa ya ce in raka shi in riƙe masa takardu, ya zauna kusa da mahauta ya ƙura wa mutane ido, ni ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Zanensa na kasuwa ba fuska a ciki. Kai kamar ƙwai, sai kafaɗa da ƙugu da ƙafa. Yakan ce, "Huska ta iya ƙarya, ƙahwa ba ta iya ba." Da ya gane cewa kullum idona a ƙasa yake, sai ya mai da kunyata kayan aiki. Ya miƙo takarda ya ce, "Wa na wanga?" In duba yadda diddige ya sauka in ce mai gishiri ne. In na kasa ganewa, ya ce zanen bai yi ba, ya sake. Haka na san ƙafafun rabin Sabon Birni ban san fuskokinsu ba.

Akwai ɗaurin takardu guda da yake nawa: yarinya da bokiti, kai a sunkuye. Ya daɗe yana ƙara masa shafi bai gama ba. Na ce ko ya gama ko ya yaga, na gaji. Ya ce a ƙarshe yarinyar za ta ɗaga kai, shi kuma bai taɓa ganin yadda wuyana ke yi in na ɗaga ba. "Abin da ban gani ba, ba ni zana shi. Ranar da kika ɗaga, sai in ƙare." Na ce to zai daɗe yana jira.

Bayan sadakar uku Baffa ya buɗe ɗakin aikinsa, ya ga kwalaye cike da zanen mutane. Ya ce a fitar da su a ƙone. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ya ce tun yana yaro yake ji cewa mai zana abu mai rai za a tambaye shi ranar ƙiyama, "balle wanga da ke sa su tahiya." Inna ta kasa cin abinci. Anti Rabi tana kuka a ɗaki, tana cewa me yaron zai gani na ubansa in ya girma. Sai aka kira limamin unguwarmu.

Liman ya duba takardun a zaure ya ce maganar zane malamai sun yi saɓani a kanta, hukuncinta yana wurin Allah, shi ba zai yanke ba. Abin da ya fi damunsa haƙƙin mutane ne. "Ya nemi izninsu kahin shi zana su?" Yaya kuwa bai taɓa neman iznin ko akuya ba. Liman ya ce to a kai wa kowa nasa, a nema wa mamaci gafara, mai shi ya yi yadda ya so da takardarsa. Baffa ya yarda, da sharaɗin duk wanda ba a gano mai shi ba kafin sadakar arba'in, wuta.

Baffa ya ɗaga takarda guda ya juya ta. "To wa zai gane su, ba huska?"

Daga bayan labule Anti Rabi ta ce, "Saratu."

Ka ji irin gadon da ya bar mini. Ni da ba na iya tambayar farashin gishiri, ni ce za ni bi gari rumfa rumfa, in yi sallama, in kalli manya, in roƙe su.

Na fara da babban mahaucin kasuwa. Na tsaya gabansa har ya ce ko na zo gadin ƙudaje ne. Na miƙa takarda na faɗi abin da ya kawo ni ƙasa-ƙasa, sai da ya sa na maimaita. Ya duba, yaransa suka leƙo suka fashe da dariya.

"Ni na wanga? Wanga tumbi hwa?"

Yaransa suka ce, "Wallahi kai na, maigida! Har da yadda kake tura shi gaba!"

Ya ce, "Ke ɗiya, yayanki ya ci amanata. Ina ba shi tsire, ashe cikina shike kallo. Na yahe mai duniya da lahira. Bar min ita in kai gida, uwargida ta ga aikin tuwonta."

Ba kowa ya yi dariya ba. Wata dattijuwa mai nono ta ɓata rai sosai. Ta ce da ya tambaye ta da ba ta yarda ba, ita ba abin kallo ba ce. Ta yayyage takardar a gabana ta ce in tafi. Na yi kuka a hanya, ina cewa Yaya ga abin da ka jawo mini. Kasuwa ta gaba na koma na durƙusa, ta daɗe tana dama fura kafin ta ce ta yafe, don Allah ba don shi ba. Gaskiyarta ce. Wani bafatake mai kai kaya Nijar kuwa ya karɓi nasa ya liƙa a gaban mota, ya tambaye ni ko akwai na yaron motarsa.

Ɗauri guda ya fi ba ni wuya: mutum da galma a kafaɗa, ƙafarsa ta hagu tana buɗewa waje. Na san ƙafar, manomi ne daga wajen Kurawa da ke kawo gero. Da na bi sawu sai aka ce ya rasu, iyalinsa sun dawo cikin gari tun da zama ya gagara a ƙauyensu. Na sami matarsa a wani gidan haya. Ta duba shafin farko ba ta ga komai ba. Sai na kama gefe na kaɗa mata yadda Yaya yake yi. Ta yi salati. Ta ce, "Sake." Na sake. Ta ce, "Sake." Ba su da hotonsa ko ɗaya. Da na ce gafara na zo nema, ta ce, "Mi za ni yahe? Wanda yam maido min tahiya tai?" Ta sa hannu ta ɗago haɓata ta ce in dube ta, tana so ta ga ƙanwar wa ce. Na dube ta.

Har Baffa akwai nasa, yana naɗe hannun babbar riga a kafaɗa yadda yake yi in zai yi faɗa. Ya kaɗa da kansa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yaro wanga!" Ya ce ya yafe, sannan ya sa takardun a murhu da hannunsa. Ya ce ba don ƙi ba, don ya rage wa ɗansa kaya. Ban ga laifinsa ba. Ranar sadakar arba'in aka ƙone waɗanda na kasa ganowa, baƙi 'yan ci-rani da matafiya, kuma suna da yawa. Ana cikin haka Inna ta zo ta zare wani ɗauri daga hannun Baffa. Ta ce, "Wagga akuyata ta. Kuɓewata tac ci. Ni ad da haƙƙi." Ta shige ɗaki da shi. Anti Rabi ta adana wa jinjiri ɗaurin da ya zana ta.

Saura ɗauri guda a tabarma. Liman ya ce, "Wagga mai bokiti hwa?"

Na ce ni ce.

"To ke ma bai nemi izninki ba. Kin yahe?"

Na kalli Liman a fuska, gaban Baffa da mutanen unguwa, na ce, "Na yahe, Malam. Amma haushinsa bai sake ni ba."

Ya ce, "Wannan ki riƙe abinki, ba shi hana shi kwanciya."

Ɗaurin yana wurina. In na kaɗa, yarinyar tana tahowa da bokitinta, kai a ƙasa, sai takarda ta ƙare. Na ɗaga kai a gaban mahauci, da mai nono, da matar manomi, da Liman. Rabin gari sun ga yadda wuyana ke yi. Mutum ɗaya da ya ce yana jira, shi kaɗai bai tsaya ya gani ba. Wannan shi ne haushin da ya fi duka.

Ya Allah, bawanka Lawali ya zo gare ka. Waɗanda muka samu sun yafe masa, waɗanda ba mu samu ba kai ka san inda suke, ka sanyaya zukatansu a kansa. Abin da ya yi daidai ka karɓa, abin da ya kuskure ka shafe da rahamarka. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka haɗa shi da mahaifinmu a Aljanna. Ka ba Inna haƙurin da ba ta iya roƙa da sunansa. Ka dafa wa Anti Rabi, ka raya jinjirin da ya bari, ka saka wa Baffa da alheri. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.