Kalmar da Levi Ya Ƙi Sassautawa

Ranar Asabar muka binne Levi a ƙauyenmu, kusa da Kwoi. Tela ne, kuma ajinmu ɗaya a makarantar mishan. Shekara arba'in ya yi yana tsayawa a gefen bagade, yana juya wa'azi da addu'a daga Hausa zuwa Jabanci, yarenmu, saboda tsofaffi. Har yau, in mai wa'azi ya dakata, muryarsa nake jira.

A shekarar 1994 mijin wata 'yar ikilisiyarmu, Afiniki, ya rasu, ya bar mata gonar citta da 'ya'ya huɗu. Dattijo Simon, wanda ya fi kowa faɗa a ji a ikilisiyarmu, ya ce gonar za ta koma gidansu shi Simon. Wai kakansa ne ya sayi kakan mamacin a zamanin hare-hare, kuma bawa ba ya barin gado. Da Jabanci ya faɗi haka, a gaban mutane. Afiniki ba ta da wata gona.

Aka kira taro bayan sujada. Simon ya buɗe da addu'a, da Hausa kamar kullum: "Ya Uba, mu bayinka ne." Tun zamanin Turawan mishan, in mai fassara ya zo kan "bayi" yakan sa wata kalmar Jabanci mai laushi, wadda take nufin masu hidima. Ran nan Levi ya ɗauko ainihin kalmar da Simon ya jefi gidan Afiniki da ita.

Simon ya buɗe ido. "Kai, Levi! Ba wannan ba."

"Baba, me ka ce da Hausa?"

"Bayi."

"To, da bakinmu ma ita ce. Ko in gaya wa Allah ka fasa?"

Wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki da bakin zane. Levi bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, in kai bawa ne, wa ya ba ka izinin riƙe bawa? Jini ɗaya ne ya fanshe ku, kai da mamacin."

Simon bai ƙarasa addu'ar ba. Ya zauna, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "A bar mata."

Shekara biyu Simon yana kai ɗinkinsa Kafanchan don kada ya shiga shagon Levi. Levi bai taɓa tayar da maganar ba, ko da ni.

Ranar Asabar ɗin, 'ya'yan Afiniki ne suka ɗauki akwatin gawarsa. Daga gonar suka zo. Na ji ƙamshin citta a jikinsu da suka wuce ni.