Diskin da Surukin Darakta Ya Kawo

Har yau a Badagishiri ana cewa ni na kashe ordinatar, wato kwamfutar gidan rediyonmu, wai yarinya mai rawar kai ta sa hannu inda ba a aike ta ba. Ƙarya ne. Hannuna bai ɓata komai ba. In akwai laifina, a bakina yake.

Lokacin ban daɗe da fitowa kolej ba, ni ke zuba duk abin da aka ɗauko cikin ordinatar. A ciki akwai muryar wata tsohuwa da muka yi ta bi gida muna ɗaukar waƙoƙin niƙa da na daka a bakinta, kafin Allah ya yi mata rasuwa. Kaset ɗin kuwa tuni an sake ɗaukar wasu abubuwa a kansu. Wani teknisiyen daga Tawa ya sa mana diski biyu, ya tsara injin yadda duk abin da ya shiga ɗaya zai shiga ɗayan. In ɗaya ya mutu aiki ba ya tsayawa, amma sai a yi maza a sa sabo ya kwafe daga mai rai.

To, ɗaya ya mutu. Teknisiyen ya ce a nemo mai girman tsohon ko wanda ya fi shi. Darakta ya ba surukinsa saƙo, mahaifin matarsa, wani Alhaji mai motocin Sakkwato. Alhaji ya kawo da kansa, da 'yan rakiya, ya ce kyauta ce ga rediyon garinsu. Suna zaune a buro, ofishinmu, na kashe injin, na cire mataccen, na sa sabon, teknisiyen na faɗa mini abin da zan buga ta waya. Injin ya ƙi karɓa. Lambar girman da ke kan kwali ɗaya ce da ta tsohon, amma a ciki sabon ya gaza tsohon da ɗan kaɗan.

Nan na juyo, gaban kowa, na ce wa Alhaji an cuce shi a kasuwa, abin da ya kawo ba shi da amfani, a mayar. Alhaji ya yi murmushi, ya ce tun ba a haife ni ba yake sayen kaya a Sakkwato, yau ga ɗiya ta koya masa ciniki. Darakta ya sunkuyar da kai.

Daga ranar, zancen ya bar ordinata ya koma kan surukuta. Darakta ya ce diskin lafiyarsa lau, ni ce ban iya ba. Na ce diski mai ran fa shi kaɗai ke ɗauke da komai, ya ce a bari zancen ya huce. Na ce a sayo abin kwafa a CD, ya ce ke kuma. Sai ni ma na yi fushi, na ce ba ruwana. Zafi ya shigo, kuran, wutar lantarki, na zuwa yana ɗaukewa, wata safiya na ji injin na ƙas-ƙas. Na biyun ma ya tafi, da tsohuwa da waƙoƙinta.

Daga baya matar darakta ta ce mini da na ja mijinta gefe, da ya aika wani direba a ɓoye ya canzo, mahaifinta ba zai taɓa sani ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ke ƙona mini rai. Manyan mutane sun zauna suna lallashin juna, alhali ƙarfe bai san suruki ba. Ni kuma da na san haɗarin, na zauna ina kumburi.

'Yan uwa, in diski ɗaya ya mutu, ku kwashe kayanku ranar nan, kafin ku yi gardama da kowa. In kuma za ku faɗa wa babba gaskiya, ku jira baƙi su tashi. Na ji tsohuwar na da ƙanwa a Alela wadda ba ta manta waƙoƙin duka ba. Asabar zan hau kabu-kabu da rakodata. Abin da na samo, garin Ƙwanni zan kai a buga mini CD biyu, ɗaya ya zauna ɗakin innata. Ban nemi izinin darakta ba, kuma ba zan nema ba.