Igiyar Baba Mai Usur

Kafin in ɗaga ƙofar shagon ɗinkina da safe, shi ya riga ya iso. Zan tarar da shi a gindin turken wutar lantarki da ke bakin titi, ya jingine kekensa, yana warware igiya daga kafaɗa. Igiya ce irin ta guga, doguwa, an yi mata ƙulli-ƙulli tun daga kai har wutsiya. Sai ya zura 'yar rigarsa mai ƙyalli, wadda ni na yi mata faci har na gaji, ya rataya usur a wuya, ya tsaya jiran 'yan makaranta. Yaro da babba Baba Mai Usur suke ce masa, shi ma idan ka kira shi da wani sunan ba lallai ya waiwayo ba.

Gidajenmu suna wannan ɓangaren, makarantar firamare tana wancan ɓangaren, a tsakani kuma ga babban titi da tifofin yashi da motocin haya suke tsere a kansa kamar an biyo su. Yara suna taruwa, kowa ya kama ƙulli ɗaya, ƙanana a kusa da shi, manya a baya. Shi ne yake fara shiga titi, shi kaɗai, ya ɗaga hannu. Sai motoci sun tsaya cak sannan ya ja igiya, yara su biyo shi ɗuu. Wanda ya saki ƙulli, ko ɗan wane ne, gobe sai ya yi bayani. Ƙulli na ƙarshe kuwa ba na yaro ba ne. Duk babban da tsautsayi ya biyo da shi ta wurin a lokacin, shi zai riƙe.

"Tela, ajiye almakashin nan ka zo ka kama mini wutsiya."

"Baba, rigar mutane ce fa a kan keke."

"Rigar ba ta da ƙafar guduwa. Zo."

Haka zan taso ina gunaguni, in bi bayan 'yan firamare da tef ɗin awo a wuya. Mai kemis ya riƙe, mai shayi ya riƙe, har Ciyaman na kwamitin unguwa ya taɓa riƙewa da babbar rigarsa, yana ta murmushin dole.

Abin dariya, mai usur ɗin nan ba ya son busa usur. Gaisuwa ce makaminsa. Duk direban da ya tsaya sai ya leƙa ta taga ya ce, "Na gode, direba, Allah Ya kiyaye hanya." Da yawansu ya san su, ya san wanda mahaifiyarsa take kwance, ya san wanda aka yi wa haihuwa. Na taɓa tambayarsa ko bakinsa ba ya gajiya. Ya ce, "Mutumin da na gaishe shi jiya, da wane ido zai wuce ni a guje yau?"

Babu wanda ya naɗa shi. Facin keke yake yi a bakin titin nan, ya gaji da ganin yara suna wasan tsere da mota, wata safiya ya kwance igiyar da yake ɗaure kayan aikinsa, shi ke nan. Yaran da suka fara kama igiyar nan, yau 'ya'yansu ne suke kamawa.

To amma gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara hazo. A farkon zangon karatun nan ya zo taron kwamiti ya ce, ana yin hutu zai ajiye igiya, a nemi wanda zai karɓa. Tun daga ranar hankalin iyaye ya tashi, domin titin bai rage gudu ba, yaran kuma ba su daina zuwa makaranta ba.

Ni ne wakilin masu shaguna a kwamitin, saboda haka na ga komai da idona. A aji ɗaya na makarantar muke zama, a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna neman taɓo haɓa. Shawarar farko ita ce a yi tudu a kan titi don motoci su rage gudu. Muka sa magini, shi kuma ya zage ya yi mana aiki da zuciya ɗaya, tudu har tudu. Motar da ta fara maƙalewa a kai ita ce ta Ciyaman. Bayan 'yan kwanaki ma'aikatan hanya suka zo suka kankare shi, suka yi mana faɗan da muka cancanta. Muka kafa allon gargaɗi, mai wanki ya samu wurin shanya. Muka gayyato babban ɗan sandan yankinmu, mutumin kirki, ya saurare mu tsaf, ya gaya mana gaskiya cewa mutanensa ba su da yawa, ba zai iya tsayar da ɗaya a nan kullum ba. Sai samarin sintiri suka ce a bar musu, Baba ya je ya huta. Suka fito da sanduna suna dukan bayan motoci, direbobi kuma da sun hango su sai su ƙara wuta. Kafin mako ya zagayo Baba ya dawo titi yana ɗingishi, mu kuma muka dawo aji muna kallon silin.

Baba, kai ne ka sa muka ɗauka abin da sauƙi. Mun ga igiya, mun ga usur, muka zaci su ne aikin. Ba mu lura cewa kai ne kake tsayawa a gaban tifa da ƙirjinka kowace safiya ba. Ba mu lura da haƙurin da kake haɗiyewa idan wani mai babur ya zage ka a gaban jikokinka ba. Na ji kunya, wallahi, kuma na ƙara ganin girmanka.

Akwai ranar da duk wanda ya gani ba zai manta ba, shekaru da yawa da suka wuce. A lokacin ba a fara ba wa manya ƙulli na ƙarshe ba. Wata ƙaramar yarinya ta makara, ta zo a guje ta kama wutsiya. An kusa gama tsallakawa takalminta ya fita, ta saki igiya ta koma ɗauka, daidai lokacin da wata tifa ta fara motsawa. Tayar ta kama ƙafarta. Jikar Baba ce, 'yar 'yarsa.

Kafin ka ce me, mutane sun finciko direban ƙasa. Wani saurayi ne siriri da abokan aikinsa suke kira Dogo. Duka ta ko'ina, wani ya ɗauko dutse, na ji wani yana cewa a kawo fetur. Baba ya ɗauki yarinyar ya miƙa wa mai kemis, ya sa su a motar haya zuwa asibiti. Kowa ya zaci zai bi su. Sai ya juyo ya kutsa cikin taron, ya ɗago Dogo, ya naɗa igiyar a ƙugunsu su biyu, ya ɗaure tamau.

"To, bismillah," in ji shi. "Wanda zai dake shi ya haɗa da ni."

Mai shayi ya yi ihu, "Baba, jikarka ce fa ya taka!"

"Na fi ka sanin jikata ce. Ina kallo abin ya faru. Yaron nan bai yi gudu ba, ita ce ta koma."

Sannan ya sa usur a baki ya dinga busawa ba ƙaƙƙautawa, hawaye suna zuba, har 'yan sanda suka iso. Ban taɓa jin ya busa shi haka ba, kafin ranar ko bayanta. A ɗaure suka shiga motar 'yan sanda, ya je ya ba da shaida, sai bayan nan ya nufi asibiti da rigarsa a yage.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. 'Yarsa, uwar yarinyar, ta daɗe ba ta gaishe shi, tana cewa ya zaɓi bare ya bar jininsa. Ya shanye. Washegari ya fito titi kamar kullum, sai dai daga ranar ƙulli na ƙarshe ya zama na manya. Yarinyar ta warke, da ɗan ɗingishi. Ita ce yau take koyarwa a makarantar, kowa Malama yake ce mata. Dogo kuwa, da aka sallame shi, ya canza hanya, muka daina ganinsa.

A taron ƙarshe kafin hutu, Ciyaman ya sake tambaya ko akwai mai karɓa. Mai kemis ya ce ba shi da mai tsare masa shago. Mai shayi ya ce safiya ita ce kasuwarsa. Ni ma na ce keken ɗinki ba ya taka kansa. Ciyaman ya ce to a yi karɓa-karɓa, yau wane gobe wane.

Baba ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba. Direba fuska yake tsayawa wa, fuskar da ya saba gani. In yau wannan gobe wancan, wata rana kowa zai zaci ɗan'uwansa ne ya fito, a wayi gari babu kowa."

Sai Malama, wadda take wakiltar makaranta a kwamitin, ta miƙe ta ce ta zo da baƙo. Ta leƙa waje, wani dogon mutum mai furfura ya sunkuyo ya shigo, yana murza hularsa a hannu. Sai da ya yi magana na gane shi. Ashe ita ce ta bi tashar tifofi tana tambaya har ta gano gidansa.

Ya ce, "Ni ne na taka ta. Na ajiye tuƙi bara. Tun ranar da abin ya faru ban sake bin titin nan ba, ko fasinja nake sai in sauka in zagaya. Malama ta ce kuna neman mai riƙe igiya. In za ku yarda da ni, ina so."

Mai shayi ya zabura. "Haba jama'a! Wanda ya taka yarinya shi za mu damƙa wa 'ya'yanmu?"

Malama ta dube shi cikin ladabi ta ce, "Kawu, ƙafata ce fa, ba taka ba. Ni na san abin da na gani a idonsa ranar. A duk unguwar nan babu wanda yake tsoron titin nan kamar shi, kuma mai tsoronsa muke nema. Ga shi direbobin duk yaransa ne, wa zai wuce shi a guje?"

Ciyaman ya fara cewa a ɗaga hannu a ƙirga, amma Baba bai jira ba. Ya dafa benci ya miƙe da ƙyar, ya sauke igiyar daga kafaɗarsa ya ɗora a ta Dogo.

"Ka san ta ai," in ji shi. "Kun taɓa haɗuwa."

Aka fashe da dariya, Dogo kuma ya durƙusa yana kuka kamar yaro. Baba ya rataya masa usur ya ce, "Wannan kada ka busa sai ka rasa yadda za ka yi. Ka gaishe su kawai." Mai shayi ne ya fara ɗaga hannu, yana share ido yana cewa hayaƙin murhu ne ya dame shi.

Baba Mai Usur, mun gode. Kai ne ka tsallakar da 'ya'yanmu ba tare da ka tambayi ɗan wane ne ba. Kai ne ka hana mu kashe mutum ranar da hankalinmu ya gushe, alhali kai ne ka fi kowa dalilin fushi. Mai igiya, uban 'yan makaranta, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya sa ka ga jikokin Malama. Ku kuma masu karanta wannan, kowace unguwa tana da nata titin da kowa yake cewa ya kamata a yi wani abu a kai. Mu mun gwada tudu, mun gwada allo, mun gwada sanda. Abin da ya yi aiki shi ne mutum ɗaya da yake fitowa kullum. In ba za ka iya riƙe kan igiya ba, idan an kira ka ka kama wutsiya, ka taso ba tare da gunaguni irin nawa ba.

An koma makaranta a makon jiya. Na ƙara wa rigar mai ƙyalli tsawo don ta yi wa Dogo daidai. Baba bai iya zaman gida ba, a kan bencin shagona yake zama yanzu, yana kallo, yana gyara wa kowa aiki har da ni. Ni dai na huta da kama wutsiya, domin ta samu mai ita. Kowace safiya Malama tana zuwa da jakarta, ta tsaya a bayan yara, ta kama ƙullin da ta saki tana ƙarama. Dogo ya shiga titi ya ɗaga hannu, tifofi su tsaya, ya ja igiya, ita kuma ta biyo a hankali tana ɗingishi.

Jiya suna tsakiyar titi Baba ya ɗaga murya daga kan benci, "Ke! Riƙe da kyau!"

Ba ta ko waiwayo ba. Ta ɗaga ƙullin sama yadda zai gani ta ce, "Na riƙe, Kaka."