Tsumman zanen goyo a jikin sarƙa

'Yan biyuna suna wata tara lokacin da babansu ya ce zai shiga teku. Makaniki ne a wani gareji a Wendover, nan ƙasar Turawa inda muke zaune. Wani tsohon Bature mazaunin Summerfield da yake yi wa gyaran mota yana da jirgin ruwa mai filafilai, yana son abokin tafiya da ya san inji, wata biyu zuwa tsibirai.

Ban hana shi ba, amma abinci ya daina shiga mini.

Wata Asabar ya kai mu gidan tsohon. Jirgin yana can bakin teku, sarƙarsa ce aka kawo gida, an shimfiɗa ta a ciyawa, doguwa har wajen dangar dawaki. A bakinta anka, wani ƙarfe mai kama da garma, shi ake jefawa ya kama ƙasan ruwa.

Ni 'yar Gaya ce. A bakin koginmu, kwalekwale kusa da turke ake ɗaure shi, tamau. Sai na ce, "Baban 'yan biyu, don Allah in kun tsaya ku ɗaure shi gajere. Wannan tsawon ai sakaci ne."

Ya yi dariya. "Maman 'yan biyu, yaushe kika zama Sarkin Ruwa?" Amma ya fassara wa tsohon.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ajiye ankar a ciyawa, ya miƙa mini sarƙar dab da ita, ya ce in ja. Na ja, ta ɗago kai ta biyo ni. Ya mayar da ni can nesa, inda sarƙar ke kwance a ƙasa. Na sake ja. Bakin ƙarfen ya nutse, ya tsage masa ciyawa, ya ƙi motsi. Na ja har ɗankwalina ya zame.

Tsohon ya ce sarƙa mai tsawon zurfin ruwa sau biyar ake saki, in da iska a ƙara. Na tambaya, yaya za su san abin da suka saki? Ya nuna mini fentin alamar awo a jikin sarƙar, duk ya koɗe.

Washegari na dawo da allura da tsohon zanen goyona, shuɗi. Na yayyage shi sirara. Tsohon yana aunawa, ni ina ɗinkewa a ƙwayar sarƙa: awon farko tsumma ɗaya, na gaba biyu, na gaba uku. Yaran suna kan tabarma, suna cusa ciyawa a baki.

Kwanansu tara da tafiya hoto ya shigo wayata. Ba fuskar Baban 'yan biyu ba ce. Goshin jirgi ne, sarƙa ta gangara cikin koren ruwa, tsummana huɗu a jiƙe a jikinta. Ya rubuta, "Mun saki da yawa, Sarkin Ruwa."

Na buɗa hoton na duba ɗinkin, yana nan. Ranar na cinye tuwona har na ƙara.