Gara ta cinye rajistar ajinmu

"Malama, wai gara ta cinye makin Hadiza?"

Haka Baba Sale mahauci ya tare ni yau a ƙofar aji. 'Yarsa za ta koma makaranta a Mokolo, kuma ba za a karɓe ta ba sai da bulletin, wato takardar sakamako. Rajistarmu kuwa gara ta gama da ita a dogon hutu.

Na nuna masa makin a wayata.

"To in wayar ta faɗa kogin Binuwai fa?"

"Baba, a intanet na ajiye su. Kawo taka ka gani."

Ya miƙo ta duk maiƙo, na buɗe, ga su nan.

Malaman da ke cewa ɓarnar mega, wato data, nake yi, yau kowa na tambayata yadda ake yi. Ku fa, a ina kuke ajiye makin ɗalibanku?