Salifu Ba Ya Ɗorawa Bisa Maganar Yaya

A Kona aka haifi Salifu mai faci, a Kona ya bar lekol, wato makarantar boko, kuma in ka cire zuwa guda da ya yi Tasawa cire haƙori, a Kona yake har yau. Da safe yana liƙe tayar moto. Da la'asar yana buga belot a fadarmu, gindin dogon yaro. Mu ba mu sa kuɗi. Waɗanda aka ci su tashi, su koma dafa shayi.

Ga wanda bai san belot ba: mutum huɗu ne, biyu-biyu, kuma kafin a jefa karta sai an yi ciniki. Abokinka ya buɗe da "tamanin", wato ya ɗau alkawarin cin maki tamanin. Kai kuma sai ka amsa mashi. Ƙa'idar fadarmu, kowane as, wato babbar karta, da ke hannunka ka ɗora goma. Da haka yake gane abin da kake riƙe. In ka ce "pas", ka gaya mashi hannunka fayau yake.

Salifu ya iya wannan tun gemu bai fito mashi ba. Abin da ya ɓata shi aure ne. Ya auri Zara'u, sai wanta Abdulmumini, dillalin awaki, ya ɗauke shi abokin wasa, don abokin wasan nashi ya tafi Agadas. Shi kuwa Salifu a gidansu an koya mashi wan mata suruki ne, ba a ɗora magana bisa tashi.

Sai Yaya Abdulmumini ya ce tamanin, Salifu na riƙe da as uku, ya dubi ƙasa ya ce pas. Yaya ya ɗauka ba shi da mataimaki, ya sakar wa abokan karawa cinikin. Ba a taɓa shan shayi mai daɗi a Kona irin na wannan damina ba, don kullum su biyun ke bisa butar.

Da 'yan garin Hawandawaki suka aiko za su zo karawa, Yaya ya faɗa a gaban kowa cewa in Salifu ya sake ɓoye mashi as, Muniru mai cajin waya zai ɗauka, shi kuma ya dawwama wurin gawayi. Salifu ya kai kuka wurin Zara'u. Ta ce ita ba ta san as ba, amma ta san wanta ba ya fasa magana.

Ranar wasa aka raba karta. Yaya ya ce tamanin, na kusa da shi ya ce pas, aka zuba wa Salifu ido. Ya dubi kartarsa. Sai ya kife ta, ya tuɓe takalmi, ya sauko daga benci ya durƙusa.

"Yaya, ina wuni. Ya gida, ya su Inna?"

"Lafiya lau. Mi ke tafe da kai?"

"A gafarce ni. Ɗari da goma."

"Tashi, Allah shi yi albarka."

'Yan Hawandawaki suka ce wannan alama ce, ba a yarda da alama a belot. Yaya ya ce su nuna mashi garin da aka hana yaro gaida surukinsa. Aka buga, aka cinye 'yan Hawandawaki.

Kujerar Salifu ta tsira, Muniru na nan yana jira. Sai dai yanzu da ya kai hannu ga takalmi, duk fada ta san akwai as, har masu wucewa bisa amalanke.